Inda Rana Ta Faɗi, Nan Ne Zango

A wata safiyar hunturu ta bara, ina tsaye gaban ɗalibaina na kwaleji a nan Difa, muna karanta wani nassi na Faransanci. Labari ne na wani magidanci da ya ɗebi iyalinsa lokacin hutu, ya loda kaya a mota, suka bar birni suka nufi duwatsu, suka kafa tanti suka kwana uku a can. Da yake ni ne kuma malaminsu na Hausa, al'adata ce idan muka ci karo da baƙuwar kalma in nemi su juya ta zuwa harshenmu. Kalmar ranar ita ce bivouac. Wani ya ce kwanan daji, wani ya ce yada zango, na rubuta duka biyun a allo. Sai wata yarinya da ke zama a layin baya, wadda ba ta cika magana ba, ta ɗaga hannu ta ce: "Mushe, su waɗannan mutanen, wa ya koro su daga gidansu?"

Na ce mata ba wanda ya koro su, don nishaɗi suka fita. Ta yi shiru kaɗan, sa'an nan ta ce: "To, mai ɗaki da ƙofa, me zai kai shi kwana cikin tanti?" Ba wanda ya yi dariya a ajin, domin da yawa daga cikinsu sun san tanti sani na haƙiƙa, wasu ma a cikinsa suka yi wayo. Na buɗe baki in ba da amsa, amsa ta ƙi zuwa, har aka kaɗa ƙararrawa. Tun daga ranar tambayar take bina, kuma abin da mai karatu zai gani a nan shi ne amsar da na kasa ba ta, bayan na daɗe ina jujjuya ta a zuciya.

Da farko dai, yarinyar tana da gaskiya ta fuskar harshe. Hausa ba ta rasa kalmomin tafiya ba: muna da ayari, da madugu mai shugabantar sa, da jagaba mai shiga gaba ya gano hanya, da zango inda ake sauke kaya, muna bambanta gwadabe da turba da burtali. Sai dai duk waɗannan kalmomi larura ce ta haife su. Kakanninmu sun kwana daji domin fataucin goro zuwa Gwanja, ko domin kanwa da gishiri, ko kiwo, ko tafiyar hajji a ƙasa wadda kan ci shekaru. Ta nan jiharmu ma wata tsohuwar hanya ta ratsa, wadda ke tashi daga Barno ta bi ta Ngigmi da Agadem da Bilma har Fezan da Tarabulus. Ta kanta ne Turawan Ingila, Denham da Clapperton da Oudney, suka gangaro har suka ga Tafkin Cadi a watan Fabrairun 1823, kuma sun ba da labarin ƙasusuwan bayi da suka tarar warwatse a gefen rijiyoyi. Hanya mai irin wannan tarihi ba a taɓa ɗaukar ta wurin shaƙatawa ba.

Masu shaƙatawa a kanta na fara ganin su ne ina yaro a Ngigmi, inda mahaifina, mutumin Damagaram, yake da rumfa a kasuwa. A hunturun da ya raba 1991 da 1992, gasar motocin nan da aka sani da Paris-Dakar, wadda a shekarar ta nufi birnin Kap na Afirka ta Kudu, ta sauko daga Dirku ta yada zango a garinmu. Mun bar lakwal mun tafi kallo. Mun ga motoci masu launi iri-iri, da babura, da jirage, da Nasaru jajur da ƙura suna cin abinci a tsaye. Kashegari da hantsi babu kowa, sai gwangwanaye da sawun taya. Abin da ya zauna mini a rai shi ne yadda suka ratsa cikin yini guda hanyar da raƙumi ke shafe makonni a kanta, ba tare da sun tsaya sun tambayi sunan ko da rijiya ɗaya ba. Duk da haka na yi sha'awarsu, kuma tun ranar na ƙudura cewa wata rana ni ma zan shiga kat-kat, watau motar nan mai ja da ƙafa huɗu, in kwana inda dare ya riske ni.

Burin bai cika ba sai a hutun Disamban 2012. Mu huɗu ne, dukanmu malaman makaranta kuma ƴan wata ƙaramar ƙungiyar raya al'adu: ni, da malamin tarihi, da malamin labarin ƙasa, da wani malamin lissafi da muka naɗa ma'aji. Muka haɗa ɗan abin da muka tara muka yi hayar wata tsohuwar Land Cruiser tare da direbanta da yaron mota. Niyyarmu mu bi gaɓar Komadugu daga Difa zuwa Boso, tafiyar kimanin kilomita 100, ta turbar rairayi da ke ratsa ƙauyukan bakin kogi, sa'an nan mu haura arewa zuwa Ngigmi mu kwana a hamadar Tal. Guzurinmu bai wuce shinkafa da taliya da garin rogo da dabino da kayan shayi ba. Direba kuwa nasa lissafin daban ne: jarkokin gazuwal, taya biyu na ajiya, famfon iska, shebur, igiya mai kauri, da faranta biyu na ƙarfe masu huji-huji da ake shimfiɗa wa taya idan ta nutse. A jikin motar ya rataya salka, ya ce iskar tafiya za ta sanyaya ruwanta fiye da kowane firji.

Wannan direba, Babarbare ne mai kimanin shekara 50, bai taɓa shiga lakwal ba, amma a ranar shi ne malami mu ne ɗalibai. Da muka bar kwalta ya tsaya ya sauka, ya murɗa makullan ƙafafun gaba domin su ma su karɓi ƙarfin inji, sa'an nan ya bi tayoyin ɗaya bayan ɗaya yana rage musu iska har cikinsu ya baje. Na tambaye shi dalili, sai ya ce: "Mushe, dubi tafin raƙumi. Faɗinsa ne ke hana shi nutsewa." Ya koya mana cewa a cikin rairayi ba a taka birki da ƙarfi, ba a canja giya a tsakiyar hawa, ba a kuma tsayawa mota tana fuskantar tudu. Ya ce rairayin asuba, wanda ya sha sanyin dare, ya fi ɗaukar nauyi, na tsakar rana kuwa sakakke ne kamar gari. Akwai kuma ƙaramin sandan giya na biyu da ba ya taɓa shi sai wuri ya yi wuri, wanda ke rage gudu ya ninka ƙarfi. Ni kuwa ina gaba kusa da shi, na shimfiɗa taswirar Michelin mai lamba 741 a cinya, ina jin kaina jagaba. Sai daga baya na lura cewa a wannan taswira santimita guda kilomita 40 ne, watau duk tafiyarmu ta yinin farko kan yatsana ya rufe ta.

Wanda bai ga kwarin Komadugu a watan Disamba na waɗancan shekaru ba, da wuya ya yarda cewa a bakin Sahara yake. Bayan Asaga, har zuwa Geskeru da gaba, gonakin tattasai ne jere da juna, kore shar, jan ƴaƴa na leƙowa ta ƙarƙashin ganye, injinan ban-ruwa suna ta ƙugi. Inda aka fara tsinka an shanya shi a fili, ƙasa ta yi ja kamar an shimfiɗa darduma. Wannan tattasai, wanda akasarinsa kasuwannin Najeriya yake nufa, shi ne ya gina gidajen Mobawa, shi ya aurar da ƴaƴansu, shi ya kai tsofaffinsu Makka. Tsakanin gonaki ga tsamiya da bagaruwa da goruba, ga shanu suna sauka shan ruwa, ga ƙanshin bandar kifi yana tasowa daga bukkoki. Kogin, wanda shi ne iyakar Nijar da Najeriya na tsawon kimanin kilomita 150, mutanen bakinsa ba su ɗauke shi iyaka ba. Gonar mutum tana wannan gaɓa, surukansa suna waccan.

Da la'asar sakaliya ne na jawo mana abin da ya zama mabuɗin tafiyar duka. Turba ta yi wani dogon lanƙwasa ta zagaye wani fili fari fat, shimfiɗe kamar tabarma, ƙasarsa ta bushe ta tsattsage. Na ce mu yanke ta ciki mu rage hanya kafin rana ta faɗi. Direba ya ce gara mu bi sawun da ke akwai, ko mu tambayi mutanen wurin, domin a shekarar kogi ya yi ambaliya. Na nace, na nuna masa taswira, shi kuwa da yake mu ne muka biya kuɗin haya, sai ya ce "to" irin ta wanda ya san abin da zai biyo baya. Ba mu yi taki ɗari ba ɓawon ƙasar ya fashe, motar ta zauna cikin baƙin taɓo har gindinta. Aka sa ƙaramin giya, ƙafafu huɗu suka juya tare, kowace ta haƙa nata ramin. Faranta biyun nan na ƙarfe da muke taƙama da su, taɓo ya haɗiye ɗaya muna kallo. Direba bai ce mini komai ba, kuma shirun nasa ya fi zagi ciwo.

Wani yaro mai kiwon awaki ne ya hango mu, ya ruga. Kafin rabin sa'a sai ga mutane sun fi 20 sun fito daga gonakin tattasai, da fartanyu da kututturan goruba da bijimai biyu na huɗa, a gabansu wani dattijo dogo mai farin gemu, wanda aka ce mana shi ne bulaman ƙauyen. Bai tambaye mu ko mu su wane ne ba. Ya zagaya motar sau ɗaya, ya raba aiki: waɗannan su haƙa, waɗancan su cusa itace ƙarƙashin taya, a ɗaura igiya a wuyan bijimai. Sai da aka kusa sallar magariba motar ta fito, mutane sun yi baƙi ƙirin da laka har ƙirji, suna ta dariya. Ma'ajinmu ya ciro kuɗi, dattijon ya ture hannunsa ya ce da Hausarsa ta kasuwa: "Mayar da kuɗinka, Malam. Wanda hanya ta kayar a ƙofarmu baƙonmu ne." Sa'an nan ya juyo gare ni, don ya gane ni ne mai laifin, ya ce: "Yarona, ƙasar da ta yi fari ta tsage, kada ka amince mata. Ka nemi sawun shanu ka bi. Saniya ba ta taka inda zai haɗiye ta." Na ce: "Na ji, Baba." Na naɗe taswirata na tura ƙarƙashin kujera, ban sake fito da ita ba.

Ya ce mu zo gida mu kwana, an share mana zaure. Muka yi godiya muka ce muna so mu kwana a bakin kogi ne, a fili. Ya dube mu ɗaya bayan ɗaya ya ce: "Ga ɗaki, ga tabarma, ku ce sai daji? Wani ya kore ku ne?" Muka ce sha'awa ce kawai. Ya yi dariya har ya riƙe gemu, ya faɗa wa jama'arsa da Barbarci, su ma suka kwashe da dariya. Amma da kansa ya raka mu ya zaɓa mana wuri, wani ɗan tudu ƙarƙashin tsamiya, nesa da mashayar dabbobi, inda iska ke kore sauro. Bayan sallar isha'i sai ga samari biyu da akushin burabusko da miyar kifi, da saƙon cewa mu kwana lafiya, an san da mu.

Daren nan ban yi barci da wuri ba. Injinan ban-ruwa suka yi shiru ɗaya bayan ɗaya, sai motsin ruwa da kukan kwaɗi, da muryoyin mata daga wani ƙauye na tsallaken kogi, a ƙasar Najeriya, kusa har muna jin dariyarsu. Muna kewaye da wuta, shayi yana kan garwashi, malamin labarin ƙasa ya ce ruwan nan da muke ji ruwan sama ne da ya zuba a ƙasar Kano da Bauci da tsaunukan Jos watanni da suka wuce, ya biyo kogunan Haɗeja da Jama'are, kuma tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Calawa a 1992, abin da ke isowa gare mu ya danganta da hannun mutanen da ba su taɓa jin sunan Geskeru ba. Malamin tarihi ya nuna yamma ya ce a gefen wannan kogi ne Birnin Gazargamu ya zauna yana mulkin daular Barno fiye da shekara 300, kafin a ci shi da yaƙi a 1808. Wani ya kunna rediyo, aka ambaci harbe-harbe a Maiduguri. Muka yi Allah ya kyauta, muka kashe rediyon, kamar labarin wata ƙasa ce mai nisa. Na kwanta rigingine cikin bargo, Kaza da Ƴaƴanta suna saman kaina, ba ƙofa ba makulli, kuma ban ji ɗigon tsoro a zuciyata ba.

Kashegari muka isa Boso, muka hangi Malam Fatori a tsallake, muka juya arewa ta Barwa da Kablewa har Ngigmi. Wannan gari na ƙuruciyata tashar jiragen ruwa ne a da, lokacin da faɗin tafkin ya kai murabba'in kilomita 25,000 a shekarun 1960, kafin fari na shekarun 1970 da 1980 ya janye ruwan ya bar tsofaffin masunta suna nuna wa jikokinsu inda gaɓa take. A nan, bisa shawarar direba, wadda yanzu ba mai musa masa, muka ɗauki jagora, wani dattijo daga cikin Tubawa, siriri, mai ƙarancin magana. Tal ba ta da nisa, kimanin kilomita 20 ne daga gari, amma da zarar ka shiga tsakanin tuddanta farare sai gabas da yamma su rikice maka. Shi kuwa yana zaune gaba, a kujerar da na bari, yana nuna hanya da ɗan motsin yatsa. Yana karanta fuskar tudu ya san gefen da iska ta daddaɓe da gefen da zai zame, yana duban sawu ya ce raƙuma nawa ne suka wuce, da kaya ko ba kaya, jiya ko shekaranjiya.

Da rana ta yi ƙasa ya zaɓi zango a bayan wani tudu da ke tare iskar hunturu. Ya hana mu kusantar rijiya, ya ce bakin rijiya na masu ita ne da dabbobinsu, baƙo ya sha ya matsa. Ya ce kowa ya kakkaɓe takalminsa da safe saboda kunama, kada kuma a bar garwashi a buɗe. Muka yi taimama da rairayi mai laushi kamar alkama niƙaƙƙiya, muka yi sallar matafiya. Sa'an nan, kafin a hura wuta, sai ya ɗauki sandarsa da ɗan ƙullin shayi da sukari, ya ce zai je ya dawo. Muka duba ko'ina ba mu ga alamar ɗan Adam ba. Bayan kusan sa'a guda ya dawo da ƙwarya cike da nonon raƙumi. Ashe akwai rugar makiyaya a bayan tuddai, ya je ya gaishe su ne. Na ce: "Baba, ai ba su ma san muna nan ba." Ya ce: "Sun sani tun ƙurarmu ta tashi. Wutar da ba a san mai ita ba, ba ta barin kowa barci, da su da mu."

Wannan magana ta tsaya mini fiye da farin tuddan Tal da shirun darenta, shirun da har mutum yakan ji bugun jininsa a kunne. Ni da na taso ina ɗaukar daji wuri ne da ba kowa, inda mai mota mai ƙarfi zai shiga ya yi yadda ya so, sai na gane cewa duk taƙin da muka taka yana da masu shi, kuma idanunsu na kanmu. Abin da ya ba mu barci a dare biyun nan shi ne yardar mutanen da ke kewaye da mu, waɗanda muka gani da waɗanda ba mu gani ba. Mota ta kai mu ne kawai, ita ma sai da bijimai suka taimake ta. Hausawa sun ce da ɗan gari akan ci gari. Na ƙara fahimtar cewa da ɗan daji akan kwana daji.

Muka dawo Difa muna shirin tafiya ta gaba. Mun yi niyyar kaiwa Ngurti, mu gangara duwatsun Termit, waɗanda a watan Maris na shekarar aka ayyana su tare da Tin Tuma a matsayin gandun kare namun daji. Ba mu je ba. A 2013 ƴan gudun hijira suka fara tsallako kogi daga Barno. Ranar 6 ga Fabrairun 2015 mayaƙan Boko Haram suka kai hari Boso da Difa, aka kafa dokar ta-ɓaci, aka hana hawa babur, aka dakatar da cinikin tattasai da na kifi. A watan Mayu na shekarar aka kwashe mazauna tsibiran tafki, dubbai suka iso Ngigmi a ƙasa. Bayan harin Boso na 3 ga Yunin 2016, dubun dubatar mutane suka watse. Ƙauyukan bakin kogi suka zama kango, makarantu da dama suka rufe, jama'a suka taru a gefen babbar hanya ta ƙasa mai lamba 1. Ita kanta kat-kat ma'anarta ta sauya a idon yara: ta zama motar da aka girke wa bindiga a baya, ko farar motar ƙungiyoyin agaji mai tuta. Ƴan gasar nan da suka burge ni ina yaro kuwa tuni suka canja sheƙa. An soke gasar a 2008 saboda barazanar tsaro, ta koma Kudancin Amurka a 2009, sa'an nan Saudiyya a 2020. Mai wasa yana da inda zai koma da wasansa.

A ƙarshen 2016 aka tura mu, mu malamai kaɗan, mu taimaka wajen rubuta sunayen yaran da za a sa a azuzuwan wucin gadi a ɗaya daga cikin matsugunan bakin kwalta, gabas da Difa. Bukkoki ne na kara da tampol iyakar ganin ido, ba inuwa, ba kogi, ana layin ruwa da jarkoki. Ina zaune da rajista sai wani dattijo ya kawo jikokinsa uku. Gemun na fara ganewa. Ya rame, rigarsa ta koɗe, amma tsayuwarsa tana nan. Na miƙe na durƙusa na gaishe shi, na tuna masa motar da ta kafe. Ya daɗe yana dubana, sa'an nan ya yi murmushi ya ce: "Kai ne mai takardar hanya." Ya ja ni zuwa bukkarsa, ya sa aka ba ni ruwa a moɗa, ya ba ni haƙuri cewa babu burabusko. Da zan tafi ya ce: "Yarona, kun ce kuna sha'awar kwana a fili. Ga shi mu ma mun ɗanɗana. Ban ga abin da kuka gani a ciki ba."

Na rasa abin cewa. Mutumin da ya tara mutum 20 da bijimai biyu ya fid da ni daga taɓo cikin sa'o'i kaɗan, ga shi ya kafe a gefen hanya, ni kuwa abin da ke hannuna bai wuce alƙalami da rajista ba. Na rubuta sunayen jikokinsa da kyau, na tabbatar an ba su wuri. Na koma wajensa sau biyu da ɗan abin da ya sawwaƙa, ya karɓa don kada ya kunyata ni. A zuwa na uku aka ce ya tashi da iyalinsa, wasu suka ce Maine-Sorowa, wasu suka ce ya koma duba gonarsa. A watan Yunin 2021, da hukuma ta fara mayar da mutanen Barwa garinsu, na yi ta tambayar masu zuwa da dawowa, ban sami wanda ya ba ni labarinsa ba. Ni ma tun daga 2012 ban sake kwana a bakin Komadugu ba, alhali daga ƙofar makarantarmu zuwa gaɓarsa tafiyar ƙafa ce.

To, ƴata, ga amsarki, ko da ta makara. Mai ɗaki da ƙofa yakan fita ya kwana a fili ne idan ya tabbata ɗakinsa na nan yana jiransa, kuma mutanen da zai kwana a ƙasarsu sun san da shi sun yarda. Idan ɗayan biyun nan ya ɓace, sunan abin ya tashi daga yada zango ya koma gudun hijira, ko da tantin iri ɗaya ne. Ke da bulaman nan tambaya guda kuka yi mini, shi yana dariya, ke ba kya dariya, kuma shekarun da ke tsakanin tambayoyin biyu su ne tarihin jiharmu na kusa.

Ga ƴan uwana malamai da ƙungiyoyin al'adu kuwa, ina da roƙo. Yaran da ke gabanmu a yau sun san sunan Paris da Marseille daga littafi, amma da yawansu ba su taɓa ganin ƙauyen da aka binne cibiyarsu ba. Sanin turba ilimi ne da ba ya cikin taswira: wane fili ne ke haɗiye mota, wace rijiya ce ta wane dangi, a ina ake tsallake kogi idan ruwa ya ja baya. Yana cikin kawunan direbobi da jagorori da bulamomi, waɗanda shekaru da zaman bakin kwalta suke ɗauke mana su ɗaya bayan ɗaya. Mu aika ɗalibanmu wurin kakanninsu da littafi da alƙalami, su rubuto sunayen ƙauyuka da mashigai da rijiyoyi da itatuwan da ake kwatance da su, da Barbarci da Hausa da Fulatanci da Tubanci da Larabci, yadda masu su ke faɗinsu. Na fara da ajina a bana. Yarinyar nan ta kawo mini shafi huɗu daga bakin kakarta, har da zanen wata tsamiya da ke kan tudu a bakin kogi, ta ce a nan ake sauke baƙi. Ban sani ba ko ita ce tawa tsamiyar. Tsamiya tana da yawa a Komadugu. Na dai yi mata alkawari cewa ranar da hanya ta buɗe, za mu yi hayar kat-kat mu tafi da ajin duka, kuma kakarta ce za ta zauna a kujerar gaba.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, ya mayar da kowane baƙo gidansa.